Rantsuwar Mai Moussa

Shafi na 27

Assalamu alaikum mutanen gurup. Na ga ruwan zagin da kuka yi wa Dokta Chaibou jiya, har wata baiwar Allah ta ce in ba ta lambarsa ta gaya mishi magana. Ku ajiye duwatsunku tukuna, ku karanta wannan a nutse.

*

Ranar Juma'ar da Alhaji Mai Moussa zai dafa Alƙur'ani, matarsa Hajiya Raliatou ta ƙona madara sau biyu kafin ƙarfe bakwai na safe.

Huraira na tsaye bakin ƙofar madafa da jaka a kafaɗa tana kallon uwarta. Shekara ashirin da biyu suna wannan gida na hawa na huɗu a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ba ta taɓa ganin Mama ta ƙona ko albasa ba.

"Mama, tukunyar."

"Na gani."

Ba ta gani ba. Huraira ce ta miƙa hannu ta kashe gas.

Abin da ya kawo gidan ga wannan safiya, duk mai cin tuwo tsakanin Paris da Lyon ya san shi. Alhaji Mai Moussa mai shagon sari a Aubervilliers da Dokta Chaibou mai kantin magani a Lyon sun fi shekara goma suna ja-in-ja a ƙungiyar 'yan Damagaram, wato Zinder, mazauna Faransa. Sau biyu Dokta na tsayawa takarar shugabanci, sau biyu Alhaji na kayar da shi, kuma ba wai yana son kujerar ba ne, shi dai kada Chaibou ya hau. Sai watan jiya wurin walimar suna a Montreuil, ana tsakiyar cin nama, Alhaji ya fito fili da maganar da aka daɗe ana yi ƙasa-ƙasa. Wai Chaibou ne ya kira wa Yakubu ƙanen Alhaji 'yan sanda a shekarar 2002, aka same shi ba takardu, aka tasa ƙeyarsa zuwa Yamai. Yakubun nan kuwa a hamada ya mutu bayan shekara biyu, yana ƙoƙarin dawowa.

Moutari sakataren ƙungiya, wanda Allah bai sa wa bakinsa linzami ba, ya kwashe maganar ɗungurungum ya zuba a gurup ɗin ƙungiya na waya.

Sati uku ana kai saƙo ana kawowa. Dokta ya ce a janye. Alhaji ya ce shi maganganun da ya yi a rayuwarsa suna da yawa, a zaɓo mishi wadda zai janye. Dokta ya ce to a haɗu gaban Littafi. Dattawa suka tsara yadda ake yi a gida: bayan sallar Juma'a, mai zargi shi ke farawa. In ya dafa ya rantse, magana ta mutu, ba mai sake tada ta, a bar shi da Ubangijinsa. In ya kasa, a juya Littafin wajen Chaibou, ya rantse, ya faɗi duk abin da ya sani.

"Huraira, rufe ƙofar nan," in ji Mama.

"Baba na wanka, ba ya jin mu."

"Na ce ki rufe."

Ta rufe. Mama ta kama hannunta, tafin nan sanyi ƙalau kamar wadda ta gama wanke-wanke.

"Ki hana shi."

"Ni? Mama, liman ya yi magana bai ji ba. Ɗan'uwansa Tonton Abdulsalami ya kira daga Zinder sau uku bai ji ba."

"In ya dafa, Alƙur'ani zai ci shi."

"Ai a kan gaskiyarsa zai rantse."

"Ba Chaibou ba ne."

Huraira ta ji jakar ta yi mata nauyi, ta sauke ta ƙasa.

"To wane ne?"

Mama ta dubi bango, can kusa da taga, inda aka sha shafa fenti bisa fenti.

"Nan babanki ya rubuta min lamba uku da fensir. Wata biyu da zuwana, ke kina goye. Ya ce wannan ta likita, wannan ta masu kashe gobara, wannan ta polis. Na ce to. Ban riƙe ba, Huraira, kunya ta hana ni in ce ya sake faɗa."

"Mama..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ba. Washegarin layya ne. Babanki ya tafi aiki. Yakubu na nan inda kike tsaye yana sarar ƙashin rago, wuƙa ta kuɓuce ta shige cinyarsa. Jini har ƙarƙashin firij. Na ɗauki tarho na buga wadda idona ya faɗa a kai. Faransancina duka kalma biyu ne, wuƙa da jini, su na yi ta faɗa. Couteau. Sang. Couteau. Sang."

Ta saki hannun Huraira ta dafa bakin murhu.

"Ba likita ne ya zo ba, polis ne. Su huɗu suka hawo da gudu, sun ɗauka kisa ake yi. Chaibou na hawa na biyar lokacin, ɗalibi ne, ya ji ihuna ya sauko yana yi musu tafinta. Maƙwabta suka leƙo suka gan shi bakin ƙofa yana magana da polis. Daga asibiti Yakubu bai sake taka gidan nan ba."

"Shi Dokta ya sani?"

"A kan matakala na riƙe ƙafarsa ina kuka. Ya ce, matar yaya tashi, ba mai ji daga bakina."

Tausayi da haushi suka taru wa Huraira. Tun tana ƙarama aka koya mata ta sauya hanya in ta hango Chaibou. Ta taɓa ƙin amsa gaisuwarsa a bakin tashar jirgin metro, ta dawo gida tana alfahari.

"Shekara ashirin da biyu, Mama? Kina ji ana zaginsa?"

"Kakarki fa, uwar babanki? Har yau in ta idar da salla sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya kira wa Yakubu polis. Ina aika mata turare, tana sa min albarka da bakin da take tsine min. In ta ji ni ce, in babanki ya ji ni ce, ina zan sa kaina?"

Ƙarar ruwa ta tsaya a banɗaki.

Mama ta goge fuska da gefen zane, ta yi ƙasa da murya.

"Ki hana shi dafawa. Amma kar ki gaya mishi."

"Ta yaya zan yi duka biyun?"

"Ke ce mai karatu."

*

A Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasan da zai kai su Lyon, suka tarar da Moutari ya riga su, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shi ne wakilin Alhaji a wannan magana, shi ya yi ta jigilar saƙo, kuma Allah ya gani, bai taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Tikitinsa ma ya tabbatar kusa da na Alhaji ya faɗa.

Huraira ta zauna tana fuskantar mahaifinta. Farar shadda ya sa, ya yi aski, carbi na tafiya a hannunsa a hankali. Jirgi ya bar Paris, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, yatsun Moutari na ta ƙwanƙwasar waya.

A Lyon Huraira ke karatun tarihi, kuma shekara guda kenan tana rubutu kan wata tsohuwar rigima ta Amurka. Tun ranar da maganar Montreuil ta fito ta kasa buɗe littattafan, don duk shafin da ta buɗa sai ta ga kamar labarin gidansu ne.

"Baba, in ba ka labarin abin da nake rubutawa?"

"Bismilla."

"Wasu manya biyu ne a farkon kafa Amurka. Ɗaya sunansa Hamilton, tsohon ministan kuɗi. Ɗayan Burr, mataimakin shugaban ƙasa. Shekara da shekaru Hamilton na tare wa Burr hanya, duk kujerar da ya nufa sai ya sa ƙafa."

Moutari ya ɗago kai. "Ah bon? Haka ne?"

"Sai wata rana a wurin cin abinci Hamilton ya faɗi magana a kansa. Wani da ke wurin ya rubuta a wasiƙa, wasiƙar ta fita a jarida."

"Munafuki kenan," in ji Moutari, ko kunya babu.

Huraira ta yi kamar ba ta ji ba.

"Burr ya ce a janye. Hamilton ya yi ta kewaye-kewaye. Wakilai suka yi ta kai takarda suna kawowa, kowace ta fi ta baya zafi. Ƙarshe suka tsallaka kogi da sassafe, a shekarar 1804, kowa da bindigarsa."

"Wa ya ci?" Baba ya tambaya, idonsa a taga.

"Ba wanda ya ci, Baba. Hamilton ya mutu washegari. Burr ya rayu, amma daga ranar siyasarsa ta ƙare. Kalma ɗaya ta ban-haƙuri da ta ishe su."

"Wanda ya mutun, yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya bakwai. Kuma babban ɗansa ma a irin wannan faɗan ya mutu, shekara uku kafin nan."

Carbin ya tsaya.

"Ya san duk wannan, ya tashi da asuba ya shiga kwalekwale?"

"Ya sani."

"To kar ki rubuta cewa wawa ne. Ba ki san abin da yake tsarewa ba."

"Girman kai yake tsarewa."

"Haka littafi ya ce miki."

"Baba, don Allah, don darajar iyayenka, ka ce ka janye. Ba sai ka ce ka yi ƙarya ba, ka ce dai ba ka gani da idonka ba."

"Kai, Huraira!" Moutari ya ajiye waya. "Mutane sun taso daga Marseille, daga Lille, wani ma daga Bruxelles. Yanzu Alhaji ya ce ya fasa? Ça ne se fait pas, ba a yin haka."

"Tonton Moutari, in Alƙur'ani ya tashi ci, da kai zai raba?"

Moutari ya koma kan wayarsa. Baba bai tsawata mata ba, abin da ya ƙara tsorata ta kenan. Hannu ya sa a aljihu ya fito da tarin makullai ya ajiye a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu.

"Wannan na shago. Wannan ƙaramin na akwatin takarduna, yana ƙarƙashin gado. Maganin hawan jinin uwarki yana ƙarewa ranar Talata, ba ta tunawa, ni nake karɓo mata."

"Me ya sa kake gaya min?"

"Riƙe dai."

Ta ɗauka. Sau uku kafin su isa tashar Part-Dieu ta Lyon tana buɗe baki za ta faɗa, sau uku tana ganin kunnen Moutari a miƙe. Maganar da ta shiga kunnen nan, kafin jirgi ya tsaya ta isa Zinder.

*

Masallacin tsohon gareji ne a wani lungu na unguwar Guillotière, bayan shagon wani tela. Ranar Juma'a ta yau da kullum sahu huɗu ake yi. Yau har bakin titi aka shimfiɗa kwali. Mutanen da ba a taɓa gani a taron ƙungiya ba duk sun zo, wai salla, alhali kowa ya san abin da ya kawo kowa.

Da aka sallame, Huraira ta fito daga ɓangaren mata tana raba ido. Can ta hango Dokta Chaibou shi kaɗai jikin bango, cikin baƙar kwat, furfura ta cinye gefen kansa. Ba mai tsayuwa kusa da shi.

"Tonton, ina wuni."

Ya dube ta ta saman tabarau. Bai saba jin gaisuwa daga gidan Mai Moussa ba.

"Lafiya lau, Huraira. Ya karatu?"

"Tonton, na sani. Mama ta gaya min yau da safe."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Allah sarki Raliatou."

"Ka yafe mana. Ni ma ka yafe min. Amma don Allah ka janye wannan abu."

"Shekara ashirin da biyu ina janyewa, 'yata."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da mahaifina ya rasu na yi sadakar bakwai a gidana. Matata ta dafa abincin mutum ɗari. Mutum shida suka zo. Shida. Sauran suka ce ba sa shiga gidan mai tona asirin ɗan'uwa. Na haɗiye, don ana faɗa ne a bayan idona. Yanzu ubanki ya faɗa a gaban jama'a, 'ya'yana sun karanta a waya."

"In ya kasa rantsewa, za ka faɗi sunanta?"

"Hannuna zai kasance bisa Littafi. Me kike so in faɗa?"

"In ya rantse fa?"

"Na yi shiru har kabarina, haka dattawa suka tsara. Sai dai shi da Allah." Ya mayar da tabarau. "Ban so haka ba, wallahi. Amma ba ni na buɗe baki a Montreuil ba."

Gaskiya ya faɗa. Ta juya tana neman farar shadda cikin taro.

A ɗan lungun famfo ta same shi, ya sabunta alwala yana warware hannun riga. An yi sa'a, Moutari ya shige ciki neman wuri a sahun gaba. Daga ita sai shi sai ɗigar ruwa.

"Baba."

"Ki koma wajen mata."

"Baba, kar ka dafa. Ba Dokta ba ne."

Bai ɗago ba. Yana ta fama da maɓallin hannun rigarsa.

Ta tuna fuskar Mama da safe, ta tuna alkawarin da ba ta ma ɗauka ba. Ta ce a ranta, Mama ki yafe min, gara fushinsa da gawarsa.

"Mama ce ta kira. Kuskure ta yi, likita take nema, ta buga..."

"Sha bakwai," in ji Baba.



"Ta buga sha bakwai, lambar polis," ya sake faɗa a hankali. "Na sani."

"Ka... tun yaushe?"

"Tun ranar. Da na dawo na tarar da jini a madafa, ita tana ɗaki ta ƙi fitowa. Tarhon nan namu na da wani maɓalli mai sake kiran lambar ƙarshe. Na danna. Polis suka ɗauka."

"Shekara ashirin da biyu ka sani, ka bari ana..."

"Ni na rubuta lambobin a bango, Huraira. Ni na ɗauko yarinya daga Zinder na ajiye ta hawa na huɗu na tafi aiki, ban tsaya na ga ta gane ba. Da mutane suka ce Chaibou ne, na yi shiru. Daga shiru na fara gyaɗa kai. Daga nan kuma ban san ranar da na fara tsanarsa da gaske ba."

"To ka shiga ka faɗi haka!"

"In faɗa, kafin magariba kakarki ta ji. Tsohuwar da ta shekara ashirin tana Allah ya isa, ta wayi gari ta san sunan da za ta sa a ciki? Dangina su ce in saki matata? Uwarki ba za ta kai azumi ba."

"Kai fa? Rantsuwar ƙarya ce, Baba, kana sane!"

Ya ɗago ya dube ta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma muryarsa ba ta rawa.

"Shi ya sa na ba ki makullai."

Ya raɓa ta gefenta ya wuce. Ƙamshin turarensa ya rage a lungun.

Ba ta san lokacin da ta bi shi ba. Ta tsinci kanta bakin ƙofar maza, takalmi a ƙafa, tana leƙe ta tsakanin kafaɗu. An buɗe fili a tsakiya. Liman na zaune, Littafin na gabansa bisa ɗan katako, an yaye kyallen da aka naɗe shi. Dokta Chaibou na dama, Baba ya durƙusa a hagu. Wayoyi sun fi ashirin a sama, ta Moutari ta fi kowacce tsawo.

"Alhaji Mai Moussa," in ji liman, "ina tuna maka, wannan ba takarda ba ce. Mutum na iya tashi yanzu, ba abin kunya."

"Na ji, Malam."

"Ina sake tuna maka."

"Na ji."

"Na uku kenan."

Baba ya ɗaga hannun dama. Masallacin ya yi tsit, har ana jin motar da ke wucewa a titi. Tafin ya sauka bisa bangon Littafin.

"Wallahi, tallahi..."

"Baba!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya, wayoyin ma suka juyo. Dokta Chaibou ya runtse ido.

Baba bai ɗauke hannunsa ba. Ya dube ta daga inda yake durƙushe, ya girgiza mata kai sau ɗaya.

Liman ya gyara zama.

"Yarinya, kina da magana? Matso, kowa na jin ki."